Tsabtar akurki ita ce maganin kaza na farko

Kowace shekara, idan iskar hunturu ta fara kaɗowa daga duwatsun Azbin, labari ɗaya muke ji a unguwannin Cirozerin. Wance ta wayi gari ta tarar da kajinta 7 a kwance. Wane ya sayo zakara a kasuwar Agadas, kafin mako ya zagayo akurkinsa ya zama kango. Mukan ce annoba ce, mu yi haƙuri, mu sake saye. Baɗi kuma haka za a sake yi.

Ya ku ƴan uwa masu karatu, lokaci ya yi da za mu dubi wannan al'amari da idon basira. Ra'ayinmu shi ne, wani babban kaso na asarar nan daga ƙasan akurki yake farawa. Wurin da kaza ke kwana shi ne asibitinta, shi ne kuma kabarinta idan aka bar shi da ƙazanta. Gyaransa ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Yana buƙatar tsintsiya, rairayin ƙorama, tokar itace, da mutum mai cika alkawari kowace safiya. Wannan bayani domin wanda zai fara kiwo ne, amma wanda ya daɗe yana yi ma zai sami abin ɗauka.

Kaza dukiya ce

Garuruwanmu na ma'adinai ne. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975, kuma tun 1981 kwal ɗin Anu Araren yake ba da wutar lantarki ga Cirozerin, Agadas da Arlit. A Arlit an fara haƙar uraniyom a 1971, a Akokan kuma a 1978. Shekaru da yawa mutane sun dogara ga albashi. Amma ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ma'adinin COMINAK na Akokan, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki. Wannan ya koya mana cewa rami yana ƙarewa. Gidan da ke da ɗan abin kiwo a bayan ɗaki ya fi wanda ba shi da komai jure wa ranar wuya.

Kaza ita ce dabbar da talaka ke iya fara kiwo da ita. Ba ta buƙatar makiyaya, ba ta shan ruwa mai yawa. Kazar gida tana yin ƙwai 10 zuwa 15 a zubi ɗaya, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Tana iya yin haka sau 3 ko 4 a shekara. Idan yaro ya yi zazzaɓi da dare, kaza ake kamawa a sayar a sayi magani. Idan baƙo ya sauka, ita ce ke fid da mai gida kunya. Ƙwai kuwa abinci ne mai gina jiki ga yara da mata masu ciki. Dabbar da ke yi mana duk wannan hidima ta cancanci wurin kwana mai tsabta.

Abin da ke ɓoye cikin akurki mai ƙazanta

Babbar kaza tana zubar da kashi kimanin giram 100 a yini, kuma mai yawa daga ciki da dare take yin sa. Kaji 10 ke nan suna tara kusan kilo 1 kowace rana. Idan aka bar shi wata guda, sai a lissafa. Abubuwa huɗu ne ke fitowa daga wannan tari.

Na farko, wari mai yaji. Idan kashi ya jiƙe ya ruɓe, yana fitar da wata iska da ake kira amoniya. Ita ce ke sa idon mutum hawaye idan ya leƙa akurki da safe. Mu minti ɗaya muke yi mu janye kai. Kaza kuwa a ciki take kwana, hancinta kusa da ƙasa. Iskar nan tana ƙona mata ido da maƙogwaro, sai mura da tari su sami ƙofar shiga.

Na biyu, ciwon hanji na ƴan tsaki. Akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, wadda ke fita cikin kashin kaza. A ranar da ta fito ba ta iya cutarwa. Sai ta kwana 1 ko 2 a wuri mai laima da ɗumi sannan ta nuna. Idan tsako ya tsince ta, sai ta cinye masa hanji. Za a ga ya takure, fukafukai a sake, yana kashi da jini. Ta fi kama ƴan tsaki masu mako 3 zuwa 6. A lura da kyau: wanda ke kwashe kashi kowace safiya yana fitar da ƙwayar nan tun kafin ta nuna. Tsutsar ciki ma ta kashi take bi daga kaza zuwa kaza.

Na uku, kaskar kaji da ƙuma. Kaskar kaji ba irin ta raƙumi ko ta akuya ba ce. Da rana ba a ganinta a jikin kaza. Tana ɓuya cikin tsagar bango da ɓawon itace, kamar kuɗin cizo. Da dare take fitowa ta sha jini, ta koma. Tana son ƙasa mai zafi da bushewa irin tamu, kuma tana iya yin shekaru cikin bango ba ta ci komai ba. Shi ya sa wani ke cewa ya bar akurki fanko tsawon shekara, amma sababbin kajin da ya zuba suka rame. Kazar da kaska ke sha tana yin fari a tukku, ta daina ƙwai, wani lokaci ta gudu daga gurbinta ta bar ƙwai ya lalace. Kaskar tana kuma ɗauke da wani zazzaɓi mai kashe kaji.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, lafiyar ƴaƴanmu. Kashin kaza yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa mutum gudawa, ko da kazar lafiyarta lau. Yaro mai rarrafe duk abin da ya samu baki yake kaiwa. Idan kaji suna kwana ɗaki ɗaya da mutane, ko suna hawa kan kwanonin abinci, gudawa ba za ta bar gidan ba. Gudawa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 a duniya, kuma mai yawan yin ta ba ya girma yadda ya kamata. Saboda haka muna faɗa da babbar murya: kaza da ɗakinta, yaro da ɗakinsa.

Akurki mai sauƙin shara

Yawancin akurkin da muke ginawa ƙanana ne, masu ƙofa kamar bakin tulu. Hannu ba ya kai ƙuryarsu, rana ba ta shiga. Akurkin da ba a iya sharewa ba za a share shi ba, komai kyan niyyar mai shi. Wanda zai gina sabo ya kula da waɗannan abubuwa.

Girma. Fili mai mita 1 a tsawo da mita 1 a faɗi ya ishi manyan kaji 3 ko 4. Mai kaji 10 ya gina ɗaki mai mita 2 da mita 1 da rabi. Ƙofa ta zama wadda babba zai iya shiga, ko a duƙe.

Wuri. A zaɓi tudu, nesa da madafa da randar ruwa. Ruwan sama kaɗan ne a ƙasarmu, amma duk mun san abin da ƙorama ke yi a watan Agusta. A ɗaga daɓen akurki ya fi tsakar gida tsawo da taƙi guda.

Iska da inuwa. Kaza ba ta yin gumi. Idan zafi ya wuce awo 40, kamar yadda yake yi a watannin Mayu da Yuni, sai ta buɗe baki tana haki, har ta mutu. A bar tagogi 2 a sama, suna duban juna, a rufe su da ragar waya saboda maciji da muzuru. Idan rufin kwano ne, a shimfiɗa kaba ko tsohuwar tabarma a kai. A watannin Disamba da Janairu kuwa, a rataya buhu a tagar da iska ke bugowa, amma kada a toshe duka.

Bango. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kaska ma. A yi wa bango yaɓe mai laushi ciki da waje, a shafe shi da farar ƙasa. Duk tsagar da ta bayyana a liƙe ta a ranar.

Sandar kwana. Kaza tana son kwana a sama. A gitta sanda a tsawon kamu guda daga ƙasa, a ba kowace kaza taƙi guda. A feƙe ɓawon sandar tas, domin ƙarƙashin ɓawo ne maɓoyar ƙwari. A sa ta yadda za a iya cire ta a fitar waje. Amfanin sandar biyu ne: kaza ba ta kwana cikin kashinta, kuma kashin yana taruwa wuri ɗaya, mai sauƙin kwasa.

Akwai gargaɗi na musamman ga ƴan uwanmu na Arlit da Akokan. A 2003 masu bincike na wata cibiyar Faransa mai suna CRIIRAD sun sami tarkacen ƙarfe mai ɗauke da gubar uraniyom a kasuwar Arlit. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta sami irin wannan guba a wasu titunan Akokan. Gubar ba ta da wari, ba ta da launi. Saboda haka kada a gina akurki, ko a yi mazubin ruwa, da tsohon bututu, gangar ƙarfe ko ƙyallen da ya fito daga ma'adini. Tubalin ƙasa da kaskon yumɓu sun fi aminci.

Shimfiɗar da ta dace da ƙasarmu

Shimfiɗa ita ce abin da ake zubawa a daɓen akurki domin ya shanye laima, ya hana kashi mannewa. Littattafan kiwo da yawa suna cewa a zuba garin katako, buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa. Wannan shawara ce mai kyau ga mutumin Maraɗi ko Kano, inda waɗannan abubuwa suke a yalwace. Mu a nan ba ma noman gyaɗa, ba ma noman shinkafa. Kara da ciyawa kuwa abincin awaki ne, da kuɗi ake sayensu. Mutum ya ji an ce sai da garin katako, ya duba bai samu ba, sai ya bar kajinsa a kan daɓe tsirara. Wannan kuskure ne. Muna da abin da ya fi dacewa da mu, kuma kyauta ne: rairayin ƙorama.

Rairayi yana bushe kashi da sauri. Ba ya ruɓewa, ba ya yin fumfuna, ƙwari ba sa jin daɗin zama cikinsa. Da zafi yana da sanyi a inuwa, kaza ta tona ta kwanta. Ana iya tace shi da rariya a sake amfani da shi. Ga yadda za a yi:

1. A ɗebo rairayi mai tsakuwa-tsakuwa daga tsakiyar ƙorama. Kada a ɗebo mai laushi kamar gari, domin ƙurarsa tana shiga huhun kaji. Kada a ɗebo kusa da juji, ko wurin da ake bahaya, ko kusa da tarin ƙasar ma'adini.

2. A baza shi a rana yini 2, ana juyawa. Ranar da ke hana mu taka ƙasa ba takalmi tana kashe ƙwayoyin cuta masu yawa.

3. A barbaɗa tokar itace kaɗan a daɓe da gindin bango.

4. A zuba rairayi a kai, kaurin yatsu 4, wato santimita 7 zuwa 8. Ƙarƙashin sandar kwana a ƙara kauri.

Game da toka, a kiyaye abu biyu. Ta zama busasshiya, domin jiƙaƙƙiyar toka tana cin ƙafar kaza kamar yadda take cin hannun mai yin sabulu. Kuma ta zama ta itace ko ta gawayin itace. Tokar kwal daban take. Tana ɗauke da ƙarafa masu cutarwa, ba ta dace da akurki ba, ba ta dace da lambu ba. Gidan da ke girki da kwal ya ware tokarsa, ya nemo ta itace wurin maƙwabta ko wurin mai gasa burodi.

Wurare biyu ne rairayi bai isa ba. Na ɗaya, gurbin ƙwai. A nan a sa abu mai laushi: ƙaiƙayin alkama daga lambu, busasshiyar ciyawa ko yagaggiyar kaba. A sa ɗan toka da busasshen ganyen dogon yaro a ƙasa. Gurbi 1 ya ishi kaji 4 ko 5, amma mai kwanci a ba ta nata. Na biyu, wurin ƴan tsaki a lokacin sanyi. Rairayi yana yin sanyi ƙwarai da asuba. A shimfiɗa masu ƙaiƙayi ko tsohon buhun algarara, a riƙa canzawa.

A waje kuma, a inuwa, a tona ɗan rami a cika shi da rairayi da toka. Kaji za su riƙa birgima a ciki. Wankansu ke nan, da shi suke kakkaɓe ƙuma da ƙwarƙwata.

Aikin kullum, na mako da na shekara

Kowace safiya. A saki kaji. A kwashe kashin da ke ƙarƙashin sandar kwana, a tace rairayin wurin da rariyar waya. A zubar da ruwan jiya, a wanke kasko, a zuba sabo. Kaza tana shan kusan rubu'in lita a yini, da zafi kuwa har rabin lita. A ajiye kaskon ruwa a waje, ko a ɗora shi kan tubali, domin ruwan da ke zuba shi ke jiƙa shimfiɗa. A kwashe ƙwai. Duk wannan bai fi minti 10 ba. Daga nan a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko jariri.

Kowane mako. A tace rairayin duka. Duk inda ya jiƙe ko ya dunƙule a kwashe, a cika da sabo. A fitar da sandar kwana, a kankare ta, a bar ta a rana. A duba shimfiɗar gurbi. Sau ɗaya a mako a shiga da tocila bayan isha'i, a haska bango da sanda, a ɗaga fiffiken kaza 2 ko 3. Da dare ne kawai ake kama ɓarawon jini.

Sau 3 a shekara. A yi babbar shara: kafin hunturu, kafin bazara, da bayan damina. A fitar da komai. A yayyafa ruwa kaɗan domin ƙura ta kwanta, a ɗaura ƙyalle a hanci da baki. A share rufi, bango, sannan daɓe. A kankare busasshen kashi. Idan bangon ƙasa ne kuma rufin ba na kaba ba ne, ana iya bin tsagogi da harshen wuta a hankali, babba ne zai yi, da ruwa a kusa. A liƙe tsagogi, a sake shafa farar ƙasa. A wanke kasake da sabulu, sannan a ɗauraye da ruwan jabel da aka sirka. Sai an fara wanke datti maganin ke aiki, domin jabel ba ya ratsa kashi. Kada a gauraya jabel da wani magani. A bar ƙofa a buɗe yini guda, sannan a zuba sabon rairayi. Tsohuwar shimfiɗar gurbi a ƙone ta, haka kuma bayan kowace ƙyanƙyasa.

Ga awo mai sauƙi. A durƙusa a kai hanci daidai tsawon kaza. Idan ido ya yi yaji, shara ta makara. A damƙi shimfiɗa a hannu. Idan ta dunƙule, ta jiƙe ke nan.

Wannan aiki ba na ƙananan yara ba ne. Mun saba tura ɗan shekara 5 cikin akurki saboda shi ne ƙofar ke ɗauka. A daina. Mace mai ciki da mai ciwon asma su ma a ɗauke masu babbar shara. Mai gida ya sa hannu. Idan an yanka kazar, ai ba a hana shi cinya.

Muna kuma roƙo kada a fesa wa kaji maganin ƙwarin lambu, kada a shafa masu baƙin man mota. Gubar tana shiga ƙwai da nama, ta dawo cikin tukunyarmu. Idan kaska ta yi yawa, a je wurin ma'aikatan kiwo su faɗi maganin da ya dace, da yawan kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwai.

Ina za a kai kashin?

Kada a zuba shi a titi, kada a tara shi kusa da madafa. Kashin kaji ya fi na awaki da na shanu ƙarfi a matsayin taki. Ƙasar lambunanmu rairayi ce mai yunwa. Masu noman albasa, dankali da tumatir a kwarin Cirozerin, Tabelot da Timiya suna kashe kuɗi a kan takin zamani da ake kawowa daga nesa. Abin da muke zubarwa, su nema suke yi.

Amma ɗanyen kashi yana ƙona shuka, yana kuma ɗauke da cuta. A tona rami a ƙuryar gida. A riƙa zuba kashi, ana rufawa da busasshen ganye da ɗan ƙasa. A yayyafa ruwan wanke-wanke marar jabel, domin a ƙasa mai bushewa taki ba ya nuna sai da laima. A rufe da tsohuwar tabarma, a juya shi duk mako 2. Bayan wata 3 zuwa 4 zai yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasa. A lokacin ne ya dace da lambu, musamman ga salati da sauran abin da ake ci ɗanye. Wanda ba shi da lambu ya sayar, ko ya yi musaya da ƙaiƙayi.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce kakanninmu sun yi kiwon kaji ba su yi wannan wahala ba. Gaskiya ne. Amma su a fili suke zaune. Makiyayi yana tashi ya bar ƙazanta a baya, rana da iska su share. Mu a yau cikin gari muke, gida na jingine da gida, kaji suna kwana wuri ɗaya shekara da shekaru. Zama ya canza, dole kiwo ya canza.

Wani zai ce ruwa yana da wuya. Shi ya sa muka zaɓi rairayi. Sharar akurki a ƙasarmu busasshiya ce. Ruwan da ake buƙata na wanke kasko ne da hannu.

Wata za ta ce tana shigar da kaji ɗaki ne saboda ɓarayi da muzuru. Wannan damuwa ce ta gaske. Maganinta ƙofa mai ƙarfi da kwaɗo, da gina akurki inda ake jin motsinsa daga ɗaki. Kuɗin kwaɗo bai kai kuɗin jinyar yaro ba.

Tsabta ba ta maye gurbin allura

Ba za mu yaudari kowa ba. Akwai cutar da tsintsiya kaɗai ba ta tsayar da ita. Ita ce annobar da ke share kaji lokacin hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda aka gane ta kusan shekara 100 da suka wuce. Kaza tana yin zawo kore, numfashi ya yi wuya, wuya ya murɗe. Ba ta da magani idan ta kama. Kafso da barkono ba sa warkar da ita. Amma tana da rigakafi mai araha, na allura ko na ɗigo a ido. A je ofishin kiwo a tambaya tun watan Oktoba, kafin sanyi ya shigo, a kuma tambayi lokacin maimaitawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta, a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da na gida. Wadda ta kamu a fitar da ita nan take. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone ta. Kada a jefa ta bayan katanga, kada a yanka mai ciwo a ci ko a kai kasuwa. A watan Fabrairu 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna ta Najeriya, kuma cikin watan nan aka tabbatar da ita a Magariya, jihar Damagaram. Wannan cuta tana iya kama mutum. Idan kaji da yawa suka mutu cikin kwana 1 ko 2, kada a taɓa su da hannu tsirara, a hana yara zuwa wurin, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Rigakafi da tsabta tare suke tafiya. Kazar da kaska ta shanye wa jini, wari ya ƙona wa maƙogwaro, ko an yi mata allura ba ta da ƙarfin da lafiyayya ke da shi. Kuma idan maƙwabci bai gyara ba, cutar gidansa za ta tsallako. Saboda haka a yi maganar nan a ƙungiyoyin mata, a wurin adashi da majalisar unguwa. A sa rana ɗaya ta babbar shara, a yi hayar amalanke ɗaya ta rairayi a raba, a kira mai allura ya yi wa unguwa duka a yini guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda zai fara kiwo ya fara da kaji 4 ko 5 da zakara 1. Ya gina akurki, ya zuba shimfiɗa, sannan ya je kasuwa. Wanda yake da kaji tuni, gobe da safe ya durƙusa a ƙofar akurkinsa ya shaƙa. Hancinsa zai gaya masa aikin da ke jiransa. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a abin da muke kiwo.